GUBAR DALMA DA AMANAR HANKALIN 'YA'YANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), wanda ya halicci ɗan Adam, ya fifita shi da hankali a kan sauran halittu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi (Allah ya jiƙansu), sun yi bayanin cewa shari'a ta zo ne domin ta tsare wa mutane abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Mun saba jin cewa saboda tsaron hankali ne aka haramta giya, kuma mukan yi wa'azi mai zafi a kan wiwi da ƙwayoyin da suke lalata samarin zongo, wannan kuwa daidai ne. To amma akwai wani abu da yake cin hankalin yaro tun bai iya magana ba, wanda yaron bai saye shi da kuɗinsa ba, bai kuma zaɓe shi ba, manya ne suke kawo masa shi har cikin ɗaki ba tare da sun sani ba. Wannan abu shi ne dalma. Mashayi yakan wartsake da safe, amma abin da dalma ta rage wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya dawowa.

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da laushi, ita ce a cikin batirin mota, ita masunta suke rataya wa taru domin ya nutse, da ita masu gyaran rediyo suke liƙa waya. Jikin ɗan Adam ba shi da bukatarta ko kaɗan. Idan ƙurarta ta shiga ta baki ko ta hanci, sai jiki ya ɗauke ta tamkar sinadarin da yake gina ƙashi, ya kai ta cikin jini da ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya adana saura a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a cikin jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotse idan sun haɗiyi abu ɗaya. Ga shi kuma yaro mai rarrafe a ƙasa yake wuni, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa ne masauki. Mace mai ciki kuwa, dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana budurwa takan fito ta bi jini ta isa ga ɗan da ke cikinta.

A shekarar 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun fitar da rahoton da ya ce kusan yaro 1 cikin 3 a duniya, wato har yara miliyan 800, suna da dalma a jininsu da ta kai mikirogiram 5 ko fiye a cikin kowane desilita. Mikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita. Ku dubi ƙanƙantar abin, ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya rage wa yaro fahimta. Kada wani ya ce ai wannan labarin wasu ƙasashe ne. A 2023 aka bayyana sakamakon wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Gana ta yi tare da waɗannan ƙungiyoyi biyu a kan yara fiye da 3,000 a yankin Ankara da Ashanti da Arewa, aka tarar fiye da rabinsu sun kai wannan mataki ko sun wuce shi.

Abin da ya faru a Zamfara

Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan guba sai ya dubi abin da ya sami 'yan'uwanmu a Jihar Zamfara ta Nijeriya a 2010. Farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka shiga haƙo duwatsu, suna kawo su cikin gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, suna shanyawa a tsakar gida inda yara suke wasa. Ashe duwatsun nan cike suke da dalma. Sai yara suka fara amai da suma da jijjiga, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jinin yaran aka auna. Na'urar da aka fara amfani da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce iyakarta. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Gaba ɗaya yara fiye da 400 suka mutu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a Dareta da 'Yargalma, daga baya da Bagega a 2013, aka zuba sabuwa, sannan maganin da ake ba yaran ya yi amfani. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Iyayen nan Musulmi ne kamarmu, masu salla da azumi, masu neman halas da guminsu. Ba wanda ya yi nufin cutar da ɗansa, jahiltar abin ce ta yi musu wannan ɓarna. Haka kuma a unguwar Caroy ta bakin teku kusa da Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda mutanen unguwar suna fasa tsofaffin baturan mota, mata suna tankaɗe ƙasar wurin suna tsintar dalma domin sayarwa. Wannan na biyun ya fi kama da rayuwarmu, domin wanda ya san Suame Magazin a Kumasi, ko ya san Agbogbloshi kafin a rushe ta a 2021, ko garejojin Ashaiman da bayan Nima, ya san 'ya'yan zongo nawa ne suke cin abinci ta hanyar batir da gwangwan da fentin mota. Sana'a ce mai albarka, ta fi zaman banza da roƙo nesa ba kusa ba. Amma saurayin da ya wuni yana fasa batir, ya dawo gida da rigar aikinsa, ya ɗauki ɗan yayarsa ya rungume, ya zauna a kan tabarmar da yara suke kwana, to ya raba musu abin da ya kwaso, ko da zuciyarsa cike take da ƙauna.

Maganar kwalli

A nan ne na san za a yi mini gardama, saboda haka bari in tsaya sosai. Ya tabbata a littattafan hadisi, kamar na Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi wani nau'in kwalli da ake kira ismid, ya kwaɗaitar a kan amfani da shi. Ba mu musun wannan, kuma wanda ya raina sunna ya raina kansa. Tambayar da ya kamata ɗalibin ilimi ya yi ita ce: shin abin da ke cikin tandun kakata, wanda aka sayo a kasuwar Aboabo ko ta Tamale, shi ne wancan ismid ɗin? Mafi yawan abin da muke kira kwalli ko tozali, wanda wasu a arewacin ƙasar nan suke kira cilo, ana samunsa ne daga wani dutse mai nauyi mai ƙyalƙyali wanda asalinsa ma'adinin dalma ne. A gwajin nan na 2023, kwalli yana cikin manyan hanyoyin da aka gano dalma tana bi ta shiga jikin yara, musamman a Arewa. A birnin Boston na Amurka a 2011, an auna jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, aka tarar da mikirogiram 13. Da aka bincika gidan ba a sami komai ba sai kwallin da ake sa masa, wanda aka auna aka ga kashi 82 cikin 100 da ɗoriya dalma ce zalla. Har kwallin da alhazai suke kawowa tsaraba, an sha auna irinsa a can ƙasar Saudiyya a sami dalma a ciki. Rubutun Larabci a jikin kwalba ba ya sauya abin da ke cikinta.

Yaya take shiga? Jariri ya yi kuka, ya murza ido, ya kai hannu baki. Wani kuma ya bi hanyar hawaye ya gangara hanci da maƙogwaro. Wasu iyayen har a kan cibiyar jariri suke barbaɗa shi. Kullum kaɗan-kaɗan, wata da watanni.

To mene ne hukunci? Malamai sun haɗu a kan ƙa'idar cewa cuta abar gusarwa ce, kuma ba a barin wajibi saboda mustahabbi. Sa kwalli ga baligi, iyakarsa mustahabbi ne. Jariri kuwa ba a ɗora masa ko salla ba, balle kwalli. Tsare lafiyarsa da hankalinsa wajibi ne a kan iyayensa. Saboda haka wanda ya hana a sa wa jaririnsa kwallin da ba a tabbatar da tsarkinsa daga dalma ba, bai bar sunna ba, ya bi manufar wanda ya zo da sunnar ne. Annabin rahama (S.A.W.) ya yabi ismid domin amfanin da yake yi wa ido, ba zai yiwu a jingina masa yarda da abin da yake dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba. Ita ma mace mai ciki da mai shayarwa, barinsa ya fi mata, haka nan farar ƙasar nan da masu ciki suke marmari, domin an sha samun dalma a wasu nau'o'inta. Ku kuma masu sayarwa, wanda bai sani ba yana da uzuri, amma wanda labari ya iso masa ya ci gaba da cewa nasa ismid ne na asali alhali bai auna ba, ya tuna da yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya tsawata wa mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe.

Nasiha ɗaya ga samari masu zafin kai: kada karanta wannan ya sa ka je ka fizge tandu daga hannun kakarka kana ɗaga murya. Ita ta yi rainon ubanka, kuma alheri take nufi. Ka zauna ka yi mata bayani da ladabi, idan ka ga maganarka ba za ta shiga ba ka nemi liman ko wata dattijuwa da take jin nauyinta. Za ta ce maka ai ku ma an sa muku ga ku nan lafiya lau. Amsar ita ce, dalma ba ta cika kayar da yaro ba, rage shi take yi, kuma ba wanda ya san matsayin da zai kai da ba a rage shi ba.

Sauran hanyoyin ba sai na tsawaita ba: tsohon fenti mai ɓarewa a bango da taga, tukwanen da ake zubawa daga narkakken gwangwan, wasu kayan wasan yara masu arha, da wasu garin magunguna da ba a san haɗinsu ba. Man fetur mai dalma kam Allah ya raba mu da shi, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021.

A auna jini

Babban sharrin wannan guba shi ne shirunta. Mafi yawan yaran da suke ɗauke da ita ba sa nuna wata alama. Waɗanda suka nuna kuma, alamun irin na kowace cuta ne: ciwon ciki, taurin bayan gida, rashin cin abinci, ƙarancin jini, yawan rigima, jinkirin magana. Idan ta yi yawa sai amai da jijjiga da suma, a nan ne wani zai ce zazzaɓin sauro ne, wani ya ce iska ce, wata ta fara zargin kishiya ko maƙwabciya da maita. Gidaje nawa ne zumunci ya yanke a cikinsu saboda zato, alhali Allah ya gaya mana a cikin Suratul Hujurati cewa wani sashe na zato zunubi ne? Ku kuma 'yan'uwa masu koyarwa a makaranta, yaron nan da ya yi wata uku a kan allo ɗaya, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe abin da aka biya masa, kafin ku kira shi daƙiƙi ku sauke masa bulala, ku tambayi sana'ar gidansu. Wataƙila jarrabawa ce aka ɗora masa tun yana goye.

Hanya ɗaya ce tak ake sanin gaskiya, ita ce awon jini. Akwai ƙaramar na'ura da ake tsira wa yaro allura a yatsa a ɗauki ɗigo, cikin 'yan mintoci ta ba da sakamako. Dole a wanke hannun yaron da sabulu tukuna, don kada ƙurar da ke kan fata ta ruɗi awon, kuma idan sakamakon ya yi sama sai a ɗebi jini daga jijiya a tabbatar. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin shekara ɗaya da biyu, lokacin rarrafe da sa komai a baki. Shi ya sa a Amurka ake auna yaran da gwamnati take biya wa kuɗin asibiti a wata 12 da wata 24. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, idan awo ya kai 5 sai a nemo inda dalmar take fitowa a toshe, a kuma gyara abincin yaron. Idan ya kai 45 sai a duba ba shi maganin da yake kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Wannan magani aikin likita ne kaɗai, ba na kemis ko mai talla a mota ba, kuma yana tsayar da ɓarna ne, ba ya mayar da abin da ya riga ya salwanta. Idan aka sallami yaro ya koma cikin ƙurar da ta sa masa ciwon, an yi aikin banza.

Ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da wannan na'ura ba, kuma ba a saba yin awon ga kowane yaro ba sai an nema. Saboda haka ke 'yar'uwa, ranar da kika kai yaro awo, kada ki tsaya ga sikeli da allurar rigakafi kawai. Ki buɗe baki ki gaya wa nas cewa mijinki batir yake gyarawa, ko gidanku yana jikin wurin da ake narka ƙarfe, ko ana sa wa yaron kwalli tun ranar suna, ki tambaya ina za a auna masa dalma. Ku kuma 'yan'uwanmu da Allah ya ba aikin jinya da likitanci, ku ne kuka san harshen mutanenmu da al'adunsu. Tambaya uku ba za ta ci muku minti biyu ba: mene ne sana'ar gidan, me ake sa wa yaron a ido ko a cibiya, a wace irin tukunya ake dafa masa abinci. Idan yaro ya zo da jijjiga aka auna ba a ga zazzaɓin sauro ba, ko ƙarancin jininsa ya ƙi jin magani, ku tuna da dalma. Idan an same ta a jikin yaro ɗaya, a auna sauran yaran gidan da masu ciki, domin tsakar gida ɗaya suka haɗa.

Wani zai ce duk wannan rashin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Sayyidina Umar (R.A.) ya fi mu imani da ita, kuma lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (R.A.) ya yi masa magana a kan gudun ƙaddara, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya zaɓar wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Kuma a cikin Suratul Baƙara, aya ta 195, Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. Idan an hana mutum ya jefa kansa, ina ga jefa wanda aka ba shi amana, wanda ba ya iya kare kansa, kuma za a tambaye shi game da shi ranar alƙiyama?

Akwai wani wuri da ɗaliban fiƙihu ya kamata su lura da shi. Tsarki a shari'a daban, tsira daga guba daban. Ƙurar garejin batir ba najasa ba ce, rigar da ta kwashe ta ana iya salla da ita, amma tana iya nakasa yaro. Saboda haka mai irin wannan sana'a ya ware kayan aiki da takalmin aiki su kwana a wurin aiki, ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa yara, kada a haɗa wankin kayansa da na iyali, kada kuma mai ciki ta wanke su. Kada a fasa batir ko a narka dalma a cikin gida ko kusa da inda ake girki, ko da sau ɗaya ne. Kada a tura yaro kai abinci gareji ya zauna yana wasa a ƙasa. Gwangwanin madarar nan da masu aikin suke sha da yamma wai yana wanke ƙirji, ba ya fitar da dalma daga jini, tafasa ruwa ma ba ya kashe ta, domin ita ba ƙwayar cuta ba ce. A gida a riƙa goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura, a wanke hannun yara kafin cin abinci da kafin barci. Cikin da yake da yunwa, da jikin da ya rasa sinadarin ƙarfe da na ƙashi, sun fi saurin tsotse dalma, don haka a ba yara wake da ƙwai da hanta da ƙananan kifi da zogale da kontomire da lemo gwargwadon hali, uwa kuma ta ci gaba da shayarwa.

Mu kuma a ƙungiyance, muna da ƙarfin da muke tara jama'a domin maulidi da gasar karatun Alƙur'ani da wasan ƙwallo bayan salla. A watan Oktoba na kowace shekara akwai makon da duniya ta keɓe domin faɗakarwa a kan gubar dalma. Kowane reshe ya tura mutum biyu ofishin lafiya na gundumarsa tun kafin lokacin, su tambayi inda ake yin awon da abin da ake biya, su roƙi a turo ma'aikaci ya yi wa iyaye mata bayani a makaranta ranar Asabar, a kuma roƙi limamai su ba maganar huɗuba guda. Waɗanda suka iya rubutu su zagaya su ƙirga garejojin batir da wuraren narka ƙarfe da suke manne da gidajen kwana a unguwarsu, su kai wa sarkin zongo da ɗan majalisar unguwa, domin a fara awon da yaran waɗannan gidaje.

Allah ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya mana zuriya a kan imani da lafiyayyen hankali.